ASALIN GIDAJEN SARAUTA DA SUNAYENSU A YAMMACIN KANO

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan 'yar maƙala wata gardama ce da ta tashi a ɗakin kwananmu a zangon karatun da ya wuce. Wani abokinmu mai nazarin tarihin Turai ya karanto mana cewa a ƙasar Jamus, in ka ga mutum da kalmar "von" a gaban sunansa, galibi ɗan gidan sarauta ne, kuma ma'anar kalmar ba ta wuce "na" ko "daga" ba, watau wane na gari kaza. Da jin haka sai wani ɗan'uwanmu mutumin Gwarzo ya gyara zaman hularsa, ya ce ashe shi basarake ne bai sani ba, tun da shi ma da sunan garinsu aka rubuta shi a rajista. Aka yi dariya aka watse.

Amma ni maganar ba ta bar ni ba. Da na zauna na yi tunani sai na ga akwai tambaya a ƙarƙashin wannan raha. Mu a nan, da me ake gane gidan sarauta? Daga ina gidajen suka samo sunayensu, kuma yaushe? Sa'an nan wannan al'ada ta liƙa sunan gari a bayan sunan yanka, wadda ta cika rajistar jami'o'inmu da su Gwarzo da Kabo da Getso da Garo da Karaye, wa ya kawo ta? Nufina a nan shi ne in ɗan taɓa waɗannan tambayoyi, in tsaya a kan yammacin ƙasar Kano, watau shiyyar Gwarzo da Kabo da maƙwabtansu, domin a wannan shiyya ne aka fara kunna wutar da ta sake fasalin sarautar Kano baki ɗaya. Zan fara da na Jamusawan a taƙaice, don mai karatu ya sami abin aunawa.

Yadda abin yake a Jamus

Tsofaffin gidajen sarautar Jamus sun samo sunayensu ne daga ƙasa. Wajen ƙarni na 11 da na 12 manyan mayaƙa suka riƙa gina wa kansu gidajen dutse masu ganuwa a kan tuddai, kowane ya mallaki gonakin da ke kewaye da shi tare da manoman da ke cikinsu. Sannu a hankali sai aka riƙa kiran mutum da zuriyarsa da sunan wannan gida. Gidan Habsburg, wanda ya daɗe yana mulkin Ostiriya, sunan wani gidan dutse ne da aka gina wajen 1020 a ƙasar da a yau ake kira Suwizalan. Gidan Hohenzollern, wanda ya ba da sarakunan Jamus daga 1871 zuwa 1918, shi ma sunan wani gida ne a kan dutse a kudancin ƙasar. Gidan Wittelsbach ya riƙe ƙasar Bafariya tun daga 1180 har 1918. Shi kansa Bismak, wazirin da ya haɗa kan Jamus, sunan wani ƙaramin gari ne zuriyarsa take amsawa.

Su ma a can sarauta ba iri ɗaya ba ce. Akwai tsofaffin gidaje waɗanda suka gaji matsayinsu tun kafin a fara rubuta takardun naɗi, akwai kuma waɗanda sarki ya ɗaukaka da takarda saboda wata hidima ko dukiya ko ilmi. Marubucin nan Goethe ya sami tasa "von" a 1782, mai masana'antu Siemens kuma a 1888, alhali babu ɗayansu da ya gaji wani gidan dutse. Har ila yau, da yawa daga ƙananan gidajen sarautarsu asalinsu barorin fada ne marasa cikakken 'yanci, waɗanda suka riƙe wa iyayen gidansu doki da takobi da taska har suka zama manya. Bayan da Jamus ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, tsarin mulkin 1919 ya soke gatan 'yan sarauta, ya bar musu laƙabin a matsayin wani yanki na suna kawai. Ostiriya kuwa a wannan shekara har "von" ɗin ta hana. Ke nan abu uku za mu riƙe: suna daga ƙasa, sarauta ta gado da ta naɗi, da kuma ranar da mulki ya tafi ya bar suna.

Ɗafa-ƙeyar "-awa"

Bahaushe bai gaji sunan dangi irin na Turawa ba, wanda ke bin zuriya daga kaka har tattaɓa-kunne. Abin da muka gada shi ne sunan yanka, da laƙabi, da sunan uba in ana son bambancewa. In kuwa ana maganar zuriya gaba ɗaya, sai harshe ya kawo nasa kayan aikin, watau ɗafa-goshin "ba-" ga tilo da ɗafa-ƙeyar "-awa" ga jam'i. Da su ne muke cewa Basulluɓe da Sulluɓawa, Bajoɓe da Joɓawa. Wannan ɗafa-ƙeya ita ce ke yi mana aikin da "von" ke yi wa Jamusawa, har ma ta fi ta faɗi, domin tana hawa kan sunan wuri, tana hawa kan sunan mutum, tana hawa kan muƙami ko sana'a.

Alal misali, littafin Tarihin Kano da masanan da suka yi nazarinsa sun raba sarakunan Haɓe gida uku, kuma duk da sunan mutum aka kira su. Bagaudawa daga Bagauda, wanda ake lissafa farkon sarautarsa a 999. Rumfawa daga Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi da majalisar Tara ta Kano. Kutumbawa daga Muhammadu Kutumbi (1623-1648), wanda a zamaninsa ne aka fara karɓar jangali daga Fulani. A Sakkwato akwai Giɗaɗawa, zuriyar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, da Atiƙawa, zuriyar Sarkin Musulmi Abubakar Atiku. Waɗanda suka fito daga sunan wuri kuwa su ne irin Toronkawa daga Futa Toro, da Mallawan Zazzau daga Mali, da Dallazawan Katsina daga garin Dallaje. Ɗaliban harshe za su lura da yadda "j" ta Dallaje ta koma "z" a gaban wasalin "a", kamar yadda ake samu a wasu kalmomin Hausa.

Ba gidajen mulki kaɗai ke da irin wannan suna ba. Wangarawa sun shigo Kano daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349-1385) da addini da fatauci. Akwai Sharifai, akwai Madabawa malaman unguwar Madabo, akwai Agalawa da Tokarawa fataken goro, akwai Gyanawa, gidan alƙalai da malamai wanda Malam Aminu Kano ya fito daga cikinsa. Haka kuma in mutum ya bi taswirar ƙasar Kano zai ga ƙauyuka da unguwanni masu yawa da ke ƙarewa da "-awa". Galibi irin wannan suna yana nuna jama'ar wani mutum ne ko wata zuriya da ta sari wurin ta zauna. Saboda haka ko sunan ƙauye shi ma wata 'yar takardar tarihi ce ga mai iya karanta ta.

Yamma kafin jihadi

Yammacin Kano ƙasar kan iyaka ce. Daga Gwarzo in ka ƙara gaba kaɗan ka shiga ƙasar Katsina, kuma Kano da Katsina sun shafe ƙarnoni suna gwabzawa kan hanyoyin fatauci. Don haka ne tun zamanin Haɓe aka ajiye manyan mayaƙa a wannan shiyya. Tarihin Kano ya ba da labarin Wambai Giwa, wanda a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki (1618-1623) ya ƙara faɗin ganuwar birni, sa'an nan ya koma Karaye ya zauna yana kai wa Katsinawa hari, har ƙarfinsa ya kai inda fada ta tsorata da shi aka tuɓe shi. A Godiya kuma, wadda yanzu take cikin ƙaramar hukumar Kabo, akwai sarautar Ɗan Tama, mai riƙe da garin da mayaƙansa.

A wannan shiyya mai dausayi da makiyaya ne kuma wasu zuriyoyin Fulani suka zauna, musamman Sulluɓawa a wajejen Kiru. Fulani malamai sun daɗe a ƙasar Kano, domin tun zamanin Sarki Yakubu (1452-1463) aka ambaci zuwansu da littattafan tauhidi da nahawu. Abin lura a nan shi ne, har zuwa ƙarshen ƙarni na 18 waɗannan zuriyoyi ba gidajen sarauta ba ne a Kano. Malamai ne da makiyaya masu biyan jangali, kowace zuriya da shugabanta, a ƙarƙashin mulkin Kutumbawa.

Jihadi da sababbin gidaje

Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, kira ya iso Kano, sai almajiransa na wannan ƙasa suka yi tasu hijirar zuwa Kwazazzabon 'Yar Kwando, wajen mil talatin yamma da birni. Manyan da suka jagoranci jama'ar su ne Malam Jamo na Sulluɓawa, da Malam Jibir da Malam Abdurrahman Goshi na Yolawa, da Malam Bakatsine na Joɓawa, da Malam Ɗanzabuwa na Danejawa, da Malam Dabon Dambazau, tare da wasu malamai Hausawa irin su Malam Usman Bahaushe. Alƙali Muhammadu Zangi ya tattara labarinsu a littafinsa Taƙyidul Akhbar. A Kwazazzabo aka fara karo da rundunar Sarki Alwali, daga nan yaƙi ya bazu cikin garuruwan yamma. An gwabza a Godiya, an ci Karaye, kafin a je babban karon Ɗanyaya inda ƙarfin Alwali ya karye. An kashe shi a Burumburum a 1807, mulkin Kutumbawa ya ƙare.

Wanda ya fara sarautar Kano a sabon tsarin shi ne Malam Sulaimanu na Mundubawa, mutum mai tsoron Allah da gudun duniya. Da ya rasu a 1819 sai Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya naɗa Ibrahim Dabo, Basulluɓe. Dabo ya tarar da tawaye ta ko'ina, ya bi garuruwa ɗaya bayan ɗaya yana murƙushewa, abin da ya jawo masa laƙabin Cigari. Ɗantunku na Yarimawa ne ya gagara, har daga baya aka bar masa Kazaure ta zama masarauta mai zaman kanta. Dabo ya gane cewa ba za a riƙe ƙasa mai faɗin Kano da wa'azi kaɗai ba, sai ya raya sarautun Haɓe ya rarraba wa 'ya'yansa da 'yan'uwansa da shugabannin zuriyoyin da suka yi jihadi.

Daga wannan rabo ne gidajen da muka sani a yau suka tsiro. Sarautar Madaki ta zauna a gidan Yolawa, Makama a gidan Joɓawa, Sarkin Bai a gidan Dambazawa, Sarkin Dawaki Mai Tuta kuma a zuriyar Malam Jamo, waɗanda ake kira Sulluɓawan Tuta saboda tutar jihadi da aka ajiye a gidansu. Waɗannan huɗu su ne masu zaɓen sarki. Gadon sarautar kanta kuwa ya tsaya a zuriyar Dabo, wanda ya yi mulki har 1846, 'ya'yansa uku suka biyo shi a jere: Usman, da Abdullahi, da Muhammadu Bello. To, mai karatu ya dubi wannan lissafi da kyau. Sunayen sarautun tsofaffi ne, na Hausa, wasunsu sun girmi jihadi da ɗaruruwan shekaru. Amma gidajen da suka gaje su a Kano shekarunsu a kan karaga ba su wuce ɗari biyu da 'yan kai ba. Rigar tsohuwa ce, mai sanye da ita ne sabo.

Ko bayan Dabo harshe bai daina ƙera sunaye ba. Da aka yi Basasa daga 1893 zuwa 1895 tsakanin jikokinsa, nan take aka sami Tukurawa, magoya bayan Sarki Tukur ɗan Bello, da Yusufawa, magoya bayan Yusufu ɗan Abdullahi. Gida ɗaya ne, kaka ɗaya, amma rigimar gado ta raba shi suna biyu. Haka kuma saboda alkunya, ba a cika kiran sarkin da ya rasu da sunansa ba, sai a kira shi da wurin da ajali ya same shi. Usman ya zama Maje Ringim, Abdullahi ya zama Maje Karofi, Abbas ya zama Maje Nasarawa. A nan ma ga sunan wuri a jikin basarake, amma ba don ya mallaki wurin ba, don a can ya kwanta dama.

Akwai kuma wani rukuni da bai kamata a manta da shi ba, watau manyan bayin sarki, masu riƙe da sarautun Shamaki da Ɗanrimi da Sallama. A ƙarni na 19 waɗannan sun riƙe makamai da taska da sirrin fada, har wani lokaci hakimi ɗan sarki sai ya bi ta hannunsu kafin ya ga sarki. Su ne takwarorin barorin fadar Jamus da muka ambata, kuma labarinsu yana nuna cewa a can da nan kusanci da mai mulki yakan haifi gida.

Hakimi, dagaci da gunduma

A nan ne bambancinmu da Jamusawa ya fi fitowa. Basaraken Jamus a kan ƙasarsa yake zaune, sunansa da ƙasar abu ɗaya ne. A Kano kuwa kafin zuwan Turawa hakimai a cikin birni suke zaune, garuruwan da ke ƙarƙashin kowannensu a warwatse suke, wani gabas wani yamma, kuma ta hannun jakadu ake karɓo haraji a kai musu. Waɗanda ke zaune a garuruwansu suna gadon sarauta uba da ɗa su ne manyan sarakuna masu tambari, irin na Karaye da Rano da Gaya da Dutse, sai kuma dagatai. Garuruwan yamma sun ci gaba da zama bakin daga a wannan ƙarni, saboda hare-haren Maraɗawa, watau Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya ga Sakkwato, don haka gari mai ganuwa da jarumin shugaba yana da daraja a idon fada.

Turawa sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903, suka naɗa Abbas. Bayan 'yan shekaru, wajen 1907 zuwa 1908, Razdan Cargill, wanda Kanawa suka yi wa laƙabi da Mai Gunduma, ya yanka ƙasar gunduma-gunduma, ya tilasta wa hakimai fita daga birni su zauna a cikin jama'arsu. Daga nan ne aka fara jin hakimin gari kaza. An daɗe ana danganta Madaki da Dawakin Tofa, Makama da Wudil, Sarkin Bai da Dambatta. Amma a mafi yawan gundumomi sarauta ba ta manne da gari ba. Sarki yana iya ɗauke hakimi daga wannan gunduma ya kai shi waccan, ya tafi da rawaninsa da sunan sarautarsa. Shi ya sa a shiyyarmu sau da yawa hakimi baƙo ne daga birni, gidan dagaci kuwa shi ne ɗan ƙasa mai tsohon tushe, ko da yake shi ne ƙarami a muƙami.

Tarihin Gwarzo da Kabo ya ba mu misalai biyu na sarautar naɗi, irin wadda Jamusawa ke bayarwa da takarda. Alhaji Bello Dandago ɗan boko ne, ya yi aikin watsa labaru da Hausa a gidan rediyon Ankara, a ƙasar da a yau ake kira Gana, tare da Alhaji Isa Kaita a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya ya riƙe sarautar Sarkin Dawaki Mai Tuta, ya yi hakimcin Gwarzo, ya kuma zauna a majalisar wakilai ta tarayya. Na biyun shi ne Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, ɗan kasuwa wanda ya kafa kamfanin jiragen sama na Kabo Air a 1980, aka naɗa shi Jarman Kano kuma hakimin Kabo. Ɗaya ilmi da aikin hukuma ne suka kai shi, ɗaya kuwa dukiya da hidima ga jama'a. Sa'an nan a dubi sunayensu: Dandago unguwa ce a birnin Kano, Kabo kuwa gari ne. Wannan ya kawo mu ga tambayarmu ta ƙarshe.

Sunan gari a bayan suna

Tun da can Bahaushe yakan ce wane Bakano ko wane na Getso in ana son bambance shi a baƙon wuri. Amma mayar da sunan gari ya zama sunan rajista, wanda za a rubuta a takardar shaida ya bi mutum har kabari, wannan aikin makarantar boko ne. Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, wanda shi kansa haifaffen Suwizalan ne, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, aka kuma buɗe Kwalejin Katsina a 1922. Malaman Turawa sun saba da suna biyu, ga shi kuma aji ɗaya sai a sami Muhammadu biyar da Abubakar huɗu. Daɗin daɗawa, yaro mai kunya ba ya iya buɗe baki ya faɗi sunan mahaifinsa a bainar jama'a, balle ya yarda sa'o'insa su riƙa kiran sunan a filin wasa. Sunan gari sai ya raba gardama: ya bambance yaro, ya kuma tsare mutuncin uba. Ta haka muka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shehu Shagari da Isa Kaita da Abubakar Rimi.

A shiyyarmu ma haka abin ya bi. Alhaji Isma'ila Gwarzo ya zama mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro a shekarun 1990, Injiniya Abdullahi Tijjani Muhammad Gwarzo ya yi mataimakin gwamnan Kano daga 2007 zuwa 2011, ga kuma masu amsa Garo da Getso da Karaye a ma'aikatu da jami'o'i ba iyaka. Baƙon da bai san ƙasar ba yana iya zaton duk masu amsa Gwarzo 'yan gida ɗaya ne, ko ma ya zaci kirari ne ake yi musu, tun da kalmar a Hausa tana nufin jarumi. Alhali kuwa ɗan hakimi da ɗan maƙeri da ɗan mahauci duk suna iya amsa ta daidai wa daida. Abin da ya zama tambarin gata a Jamus, a nan ya zama rigar kowa.

Su kuwa 'yan manyan gidaje sau da yawa ba sunan gari suke ɗauka ba, sunan kaka suke riƙewa, domin shi ne jarinsu. Bayero laƙabin Sarki Abdullahi ne (1926-1953), amma ya bi ɗansa Alhaji Ado Bayero (1963-2014), ya bi jikoki, har ya zama sunan jami'a. Haka Ɗantata: laƙabin Alhassan ne, Ba'agale haifaffen Bebeji wanda ya rasu a 1955, an ce daga sunan matar da ta rene shi, Tata, aka samo shi, ga shi yanzu ya zama sunan zuriya sukutum. Wasu kuma sunan sarautar gidansu suke ɗauka, shi ya sa ake samun su Galadima da Madaki da Wali da Ciroma a rajista. A irin waɗannan gidaje ne sunan dangi mai bin zuriya, irin na Turawa, ya fara kafuwa a ƙasar Hausa.

Mulki ya tafi, suna ya zauna

Mu ma mun ga tamu 1919 ɗin, sai dai a hankali ta zo. Bayan ƙirƙiro jihar Kano a 1967, gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya miƙa ragamar mulkin karkara ga shugabannin ƙananan hukumomi. Hakimi ya koma uban ƙasa mai sulhu da ba da shawara. Duk da haka rawani bai rasa masu nema ba, kuma gwamnati ba ta daina sa hannu a cikinsa ba. A 2019 aka ɗaga Karaye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, aka sa Gwarzo da Kabo a ƙarƙashinta. A watan Mayu na 2024 aka soke wannan doka, bayan wata biyu kuma aka sake kafa Karaye a daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Karaye da Rogo. Cikin shekara biyar talakan Gwarzo ya ga an sauya masa alƙiblar gaisuwa sau biyu, ba tare da ya gusa daga gonarsa ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kowane gidan sarauta yana da ranar farawa. Kutumbawa sun yi zamaninsu sun wuce, waɗanda suke biyan jangali jiya suka zama masu naɗi yau, bawa ya yi ƙarfi a fada, ɗan boko da ɗan kasuwa sun sha rawani. Wanda ya san wannan ba zai raina gidan kowa ba, ba kuma zai ɗauki nasa gidan kamar daga sama ya faɗo ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan. Jamusawa sun rubuta nasu, har suna da littafin nasabar gidajen sarauta da aka riƙa bugawa a garin Gotha tun daga 1763 har 1944. Mu kuwa abin da aka rubuta galibi na birni ne da na fada. Jerin dagatan Getso ko Kutama ko Garo ko Godiya, da labarin zuriyoyin da suka riƙe waɗannan garuruwa kafin jihadi da bayansa, mafi yawansa yana cikin ƙirjin tsofaffi ne da bakin maroƙa da makaɗan fada, kuma kullum ana binne wani yanki nasa. Sunan garin da muke ɗauke da shi a takardunmu ba zai gaya wa jikokinmu ko su wane ne kakanninsu ba.

Don haka ina roƙon 'yan wannan ƙungiya, musamman 'yan shiyyar yamma, kowa in ya je hutu ya ɗauki littafi da alƙalami ya durƙusa gaban dattawan garinsu. Ya tambayi wanda ya sari garin, da jerin waɗanda suka riƙe shi, da kirarin kowannensu, da ma'anar sunayen unguwanni. Kada ya tsaya a ƙofar dagaci kaɗai, ya leƙa gidan liman da na sarkin maƙera da na sarkin pawa, domin su ma gidajen gado ne. Ya rubuta abin da ya ji yadda ya ji shi, da sunan wanda ya faɗa masa da ranar, ko da ruwayoyin sun saɓa wa juna. Malamanmu kuma muna fata za su karɓi irin wannan aiki a matsayin kundin neman digiri. Shi kuwa ɗan'uwanmu na Gwarzo, ya riga ya yi mini alkawarin zai fara da kakarsa. Allah ya sa mu dace, amin.